Sunan Yankan da Alhaji Ya Kulle Shanunsa da Shi

Shekara biyar ke nan cif da aka kawo mini Alhaji a bayan mota daga hanyar Janbako, an lulluɓe shi da tabarmar masallaci. Ban yi karatun boko ba. Ni ke faɗa, 'yata Hadiza da ke koyarwa a nan Talata Mafara ita ke rubutawa, kuma na ce mata idan kuka ya tsayar da ni ta jira ni, kada ta cika mini magana da tata. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Mun haura shekara arba'in tare ban kama shi ba, ba yau zan fara ba. Mutanen kara, wato kasuwar shanu, sun san wanda nake nufi.

Falken shanu ne. Yana saye a Damri da Janbako da ƙauyukan Maradun, ya tara, ya loda a tirela zuwa kudu. Tun da satar shanu ta yi yawa a ƙasar nan, abin da falke ya fi tsoro ba faɗuwar kasuwa ba ce, a kama dabbar sata a hannunsa ne, domin wanda aka kama da ita ba kullum yake kaiwa gaban alƙali ba. Shi ya sa Alhaji yake da littattafai. Kowace dabba ya saya sai ya rubuta launinta, da yadda ƙahonta ya karkata, da yankan kunnenta, da wanda ya sayar, da wanda ya tsaya shaida. Wata damina rufin shago ya yi yoyo, littafi biyu suka jiƙe suka manne. Gara ta ci na uku.

A nan ɗanmu Sanusi, wanda ke bin sa kasuwa tun yana saurayi, ya kawo maganar gajimare. Ina shanya tsaki a tsakar gida na ji su. Sanusi ya ce ko kwamfuta suka saya suka ajiye a shago, sai an nema mata wuta, sai an sayi janareta, kuma ranar da aka fasa shago ta tafi da komai. Amma akwai masu manyan na'urori a wata ƙasa, ana ba su ɗan abu kaɗan duk wata, su riƙa ajiye maka, shi ake ce wa gajimare. Ka ɗauki hoton sa tare da mai sayarwa, ka aika, ya zauna can. Ko wayarka ta faɗa rijiya, ka karɓi wata ka buɗe abinka. Mai saye a kudu kuma yana ganin dabba kafin a loda ta, ba sai an kai masa ya ce ba irinta yake so ba.

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi sama. "Gajimare? Wanga da ka wucewa da tsakar rana bai zubar da ko ɗigo ba? Shi za ni ba ajiya?"

"Baba, suna ne kawai. Ɗakuna ne, da masu gadi."

"To mai gadin ɗan wa ne? Na san ubanai?"

Sun yi wata uku suna wannan ja-in-ja. Abin da ya karya Alhaji, wani abokin fataucinsa ne da aka tare a hanya aka ƙwace masa jaka da littafinsa a ciki, ya dawo ba shi da shaidar ko akuya. Alhaji ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: mabuɗin, wato kalmar da ake bugawa kafin abin ya buɗe, shi kaɗai zai sa. Ya sa Sanusi ya juya baya, ya danna da kansa da ɗan bokon da ya koya a ajin yaƙi da jahilci. Daga baya ya shigo ɗakina ya faɗa mini abin da ya sa. Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba.

Ɗanmu na fari ya rasu yana da kwana goma sha tara. An haife shi ranar Talata, don haka duk gida Ɗantala ake cewa, ƙannensa da suka zo bayansa ma abin da suka taso suka ji ke nan. Sunansa na yanka, wanda aka raɗa masa ranar suna, tsofaffin da suka ji shi duk sun kwanta dama. Ni kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Da yana raye kunya ta hana ni, da ya mutu baƙin ciki ya taya kunyar. Wannan sunan ne Alhaji ya kulle shanunsa da shi. Ya ce a duniya mutum biyu kaɗai suka san shi, kuma ɗaya daga ciki ko an sa mata wuƙa ba za ta faɗa ba.

Waɗanda suka kashe Alhaji a hanya sun tafi da wayarsa da jakarsa. Ina cikin takaba, ko wata biyu ban yi ba, sai wani mutum daga wajen Maradun ya zo ya ce bijimai biyu daga cikin waɗanda Alhaji ya bari a turke nasa ne, sace su aka yi. Bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da matasan da ke tsaron unguwanni da bindigogi, suka tafi da Sanusi da hantsi, mutane na kallo. Wani dattijo a kara ya roƙi arziki, aka ce an ba mu zuwa la'asar mu kawo shaida. Kowa a garin nan ya san abin da ke biyo bayan irin wannan la'asar.

Hadiza ta zauna a bakin ƙofata da wayarta. Ta gwada sunana, ta gwada sunan kakarsu, ta gwada sunan wata saniya da ubansu yake ƙauna. Abin ya ƙi, har ya yi gargaɗi cewa saura gwaji kaɗan ya rufe. Sai ta dube ni.

"Inna, kin sani?"

Na ce sunan yayansu ne. Ta buga Ɗantala, ya ƙi. Na ce ba shi ba, na yanka. Ta ce, "Inna, wallahi ban taɓa ji nai ba." Da na iya rubutu da na rubuta mata a ƙasa da yatsa na share. Ban iya ba. Na jawo kanta na raɗa mata a kunne, muryata ba ta fita ba. Na sake, ta ji rabi ta buga ba daidai ba. A karo na uku na faɗe shi da ƙarfi, a gaban matan da suka zo taya ni zama, a gaban surukata. Ban san bakina zai iya ba. Hadiza ta buga, abin ya buɗe.

Ga bijiman nan biyu a hoto, ga wanda ya sayar yana riƙe da igiya yana dariya, ga dillalin da ya tsaya shaida, ga ranar kasuwar Damri da aka yi cinikin. Wanda ya sayar ɗin ashe ƙanin mai ƙarar ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin la'asar Sanusi ya shigo gida da shatar igiya a wuyan hannunsa.

Saboda haka duk wanda ya tambaye ni ko ajiya a gajimare tana da amfani ga ɗan kasuwa, ba ni da bakin cewa a'a. Littafi da ya tafi da jakar Alhaji. Kwamfuta da an ce mu muka gyara ta cikin gida. Yau rabin fataken kara haka suke yi. Sanusi ya ce ciniki ya fi sauri, tirela ba ta dawowa da dabbar da aka ƙi, kuma ba sai ya bi kowace hanya da ƙafarsa ba, abokan cinikinsa a Bakura da Janbako suna aiko da hotuna daga can. Ina jin da Alhaji zai leƙo da ya yi murmushi, ko da bai furta cewa yaron ya fi shi gaskiya ba.

Amma na san tambayar da zai fara yi: mutum nawa ke riƙe da mabuɗin yanzu? Da ciniki ya faɗaɗa, Sanusi ya ba abokan nan nasa uku, su ma kowa yana da wanda yake sa wa aiki. Bai canza kalmar ba, wai kada ya goge hannun ubansa. Abin da ke cikin wurin nan kuwa ba hoton shanu kaɗai ba ne. Akwai fuskar duk makiyayin da ya sayar, da rugarsa, da lambar wayarsa, da inda ake tara dabbobi, da ranar da ake kora su. Littafi sai ɓarawo ya zo har gida ya ɗauka, kuma da safe ka ga babu shi. Wannan ana iya karanta shi daga cikin daji, kai kana zaune kana ganin abinka lafiya lau.

Watan jiya wani ya kira Sanusi da lambar da bai sani ba. Ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi jikin tsohuwa. Sannan ya lissafa masa shanun da ya tara a wajen Janbako ɗaya bayan ɗaya, har da jar karsana mai karyayyen ƙaho da aka sa hotonta kwana biyu kafin nan. Bai nemi komai ba. Ya ce, "Allah shi kai mu ranar lodi," ya kashe.

Ranar na sa Sanusi ya zauna a gabana ya canza mabuɗin, na ce kada ya faɗa mini sabon, kada ya faɗa wa kowa sai wanda zai iya ba ɗiyarsa. Ya canza. Amma abin da aka riga aka gani an gani.

Abin da Alhaji ya bari ba shanu ba ne, an sayar da su tuni. Ya bar ɗabi'ar kada ka sayi dabba sai da shaida, ita ce ta dawo mini da ɗana daga hannun masu igiya. Ya bar kuma tsoron nan nasa da muka yi wa dariya, na son sanin wane ne mai gadi. Mun riƙe na farko, mun yi sakaci da na biyu. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da yaron da ya riga mu.

Lodin nan jibi ne. Na roƙi Sanusi ya aika wani, ya ce ba zai tura ɗan wani inda shi yake tsoro ba. Wanda ya karanta wannan, ya sa mini shi a addu'a.