Minti Arba'in, Malam Duba-Log

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina shiga ofis aka tare ni da labarin rasuwarka. Shekara tara muna zaune teburi ɗaya, ni da kai, muna kula da saba, babbar kwamfutar da ɗakin gwajin jininmu ke ajiye sakamakon marasa lafiya a ciki. Ko ciwon kai ban taɓa jin ka ambata ba.

Kowa a ginin nan Malam Duba-Log yake ce maka. Duk wanda ya rugo yana cewa manhaja ta mutu, sai ka kurɓi shayinka ka ce, "Ka duba log, rahoton da na'ura ke rubutawa da kanta? Na'ura ba ta ƙarya, mutane ne ba sa karatu." Ranar da faifai ya cika komai ya tsaya, manaja yana ta kumfar baki, kai kuwa ka share tarkacen tsofaffin kwantenoni, wato akwatunan manhaja da ke cikin sabar, kana yi masa ba'a. Ranar da na goge kwantenar da ba ita ba, ka shiga wurin manaja ka ce, "Mu muka yi kuskure." Da mahaifina ya kwanta asibiti, wata guda ka ɗauke aikina, ko a fuska ba ka nuna ba.

Kai ka koya mini cewa kwantena ba ta riƙe amana. In aka sabunta ta, ta koma sabuwa fil, duk abin da ba a ajiye a faifan waje ba ya tafi ke nan. Sau nawa ka maimaita mini wannan, har na gaji da ji?

Kwana tara da binne ka, sanarwar sabunta kwantenonin ta fito. Da ma kai kake wannan aikin kullum, sai ka ce in je in samo mana shayi. Na kai yatsa zan danna, sai na tuna maganarka, na buɗe saitin tukuna. Kwantenar da ke riƙe da sakamakon mutane na shekara shida ba a haɗa ta da faifan waje ba. Na leƙa inda kwafin mako-mako yake, fayiloli sun fi ɗari biyu, kowanne fanko. Da na danna, da masu ciwon suga da na ƙoda sun dawo sun tarar babu tarihinsu, kuma ni za a nuna da yatsa.

Na so in ce mantuwa ce, ɗan Adam ajizi ne. Sai na ga ɗan rubutunka a cikin saitin, na shekara huɗu da suka wuce: "A gyara kafin aminina ya gani."

Haba Malam! Ashe ka sani. Ashe shayin nan korata kake yi, ka tsallake kwantenar ka sabunta sauran. Ka rufa mini asiri a gaban manaja, amma ni ba ka ga na isa in rufa naka ba. Wannan ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Da na je gaisuwa, mai ɗakinka ta ce wata takwas kana fama da ciwo, ka hana ta gaya wa kowa, asibitin ma sai da ka faɗi aka ɗauke ka. Kai da kake wuni a ɗakin gwajin jini! Ta ce, "Ɗan'uwa, in ya taɓa yi maka laifi ka yafe masa." Na sunkuyar da kai.

Jiya na roƙi manaja a dakatar da aiki, na ce masa mu muka yi kuskure. Na kwashe bayanan, na haɗa faifan, na gwada kwafin. Ba a rasa sakamako ko ɗaya ba. Minti arba'in ya ɗauke ni, Malam. Aikin minti arba'in ka ɗauka a kai shekara huɗu kai kaɗai, ina zaune kusa da kai.

Ba ka gaya mini ba, yanzu kuma babu wanda zan yi wa faɗa. Na yafe, ko da yake zuciyar ba ta gama hucewa ba. Allah Ya jiƙanka, Ya rufa maka asiri a can fiye da yadda ka rufa wa mutane a nan, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba mai ɗakinka da 'ya'yanka da mahaifiyarka haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.