Baba Jadawali Zai Ajiye Aiki

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, Baba Jadawali ya riga ya jingine kekensa a bayan ofis. Ya kaɗe ƙurar tebur, ya kunna kwamfuta, ya gaishe ta: "Hajiya, an tashi lafiya?" Shi ne mataimakin shugaban wannan sakandare, mai tsara malamin da zai shiga kowane aji da lokacin shigarsa. Daga nan laƙabin ya fito, har ya danne sunan yanka.

Da aka kawo manhajar ƙirƙirarriyar basira ofis, kowa ya ɗauka tsoho zai ja da baya. Ina! Sai ya ɗora tabarau a karan hanci, ya duƙufa koyo da yatsa ɗaya. Jadawalin farko da ta fitar, ta tura malamar tarihi, mai fama da ciwon gwiwa, ajin saman bene. Baba ya yi dariya har da hawaye. "Hajiya ba ta san gwiwar Malama ba!" Ya sanar da ita, ta gyara.

Wata safiya malamin lissafi ya shigo, idanu jajur, ya ce zai bar aiki. An fara yi wa matarsa wankin ƙoda, ba mai kai ta asibiti sai shi, kuma lokacin ya faɗa kan darussansa na safe. Ga jarrabawar 'yan ajin ƙarshe ta ƙarato, ba wanda zai maye gurbinsa.

"Baba, na rasa yadda zan yi."

"Zauna, ɗana. Ba inda za ka."

A da, matsar da darasi ɗaya kan hargitsa rabin makaranta. Wannan karon Baba ya faɗa wa manhajar safiyoyin da yake so a sake wa malamin, bai faɗa mata dalili ba, don ciwon matar mutum ba zancen na'ura ba ne. Kafin a tashi tara ta kawo mafita. Amma bai liƙa a allo ba, sai da ya bi duk malamin da canjin zai taɓa. Malamin kimiyya ya tsuke fuska: "Na'ura ce ta ce?"

"A'a, ni ne nake roƙo."

Malamin kimiyya ya yarda. Malamin lissafi ya fasa barin aiki, ya kai ɗalibansa har ƙofar ɗakin jarrabawa, matarsa kuwa ba ta taɓa rasa ranar wankin ƙoda ba.

Baba, kai ne ka nuna mana yadda ake ba na'ura wahalar aiki, a riƙe tausayi a hannu. Gwani, mai sauƙin kai! Ga shi za ka ajiye aiki ƙarshen wannan zango. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta cikin jikoki.

Ku da za ku gaji kujerarsa, ku koyi manhajar, kada ku ji tsoronta. Amma in ta ba ku amsa, ku tashi ku je ku dubi fuskar wanda amsar ta shafa.