Dubiyar Tulu ta Malam Sada Duba-gari

Ranar Talata, tara ga watan Satumba na wannan shekara ta 1969, bayan sallar asuba, Allah ya karɓi ran Malam Sada, duba-garin Dayi da ƙauyukanta. Murar nan da ta zagaye ƙasarmu a daminar bana ce ta sauka masa a ƙirji. An yi jana'izarsa bayan azahar. Na Allah muke, wurinsa kuma za a tattara mu.

Ni malamin asibiti ne a Malumfashi, mun daɗe muna aiki tare da shi. Ba zan ce aminina ne ba, don Sada bai iya abota ba. Ba ya hira, ba ya zaman majalisa, in ka ba shi goro sai ya juya shi ya duba kafin ya kai baki. Ga shi kuma duba-gari, mutumin da aikinsa leƙa randa da kwata da bayan gidan mutane. Wa ke murna da ganin duba-gari? In aka hango kekensa, mata sai su hau zubar da ruwan randa ta bayan danga.

Amma ban taɓa jin ya kai wani ƙara bai fara yi masa kashedi ba. Akwai wata makauniya a bakin kasuwar Dayi da kwatarta ta toshe, maƙwabta suka kai kuka. Ya je, ya duba, ya tuɓe riga, ya ari fartanya ya gyara. Da ya gama sai ya yi wa maƙwabtan faɗa, ya hau kekensa. Haka alherinsa yake, kullum da faɗa a haɗe.

Kafin saukar ruwan bana aka tara mu a Funtuwa, ma'aikatan lafiya da wakilan hakimai. Wani babban jami'i daga Kaduna ya shaida mana cewa wata mura mai tsanani ta ɓulla a ƙasashen waje, kuma gwamnati na so a shirya tun ba ta iso ba. A keɓe ajin makaranta don kwantar da waɗanda abin ya yi wa nauyi, a tanadi maganin zazzaɓi, a rage cunkoso ranar kasuwa. Sannan a hana mutane zuwa dubiya, don ta numfashi cutar ke yaɗuwa. Duk magana ce ta hankali, kowa ya gyaɗa kai.

Sada kaɗai ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duka za a yi. Amma ta dubiyar nan, in na ce wa mutum kada ya duba ɗan'uwansa, na ce masa ya yanke zumunci ke nan. Zai ce to, in na juya baya ya shiga."

Jami'in ya ce gaskiya ne, kowa ya je ya nemi dabarar da za ta karɓu a ƙasarsa. Mu dai muka koma muka sa aka yi shela. Sada ya nufi wurin yayar mahaifiyarsa, Inna Tsohuwa, wadda ta ga annobar da tsofaffi ke kira marisuwa tun tana budurwa. Abin da ta gaya masa shi ya zama aikinsa har ƙarshen ransa. Ta ce ba cutar kaɗai ta kashe mutane ba a wancan zamani. Gida guda kowa na kwance, ba mai jan guga, ba mai daka, ba mai hura wuta. Wanda da zai tashi, sai ƙishirwa ta ƙarasa shi.

Daga nan ya fito da abin da aka riƙa kira dubiyar tulu. Gidan da mura ta shiga, a kife ƙwarya a ƙofa. Wanda ya zo dubiya kada ya zo hannu biyu, ya ɗauko tulun ruwa ko kunu ko ɗaurin itace. Ya ajiye, ya yi sallama da ƙarfi daga waje, ya faɗi sunansa don a san ya zo, ya juya. An sauke haƙƙin zumunci, ba a shaƙi numfashin juna ba. Liman ya yarda, masu unguwanni suka yarda, wasu kuwa suka yi dariya suka sa masa suna Sada Mai Tulu.

Wuri ɗaya ya gagare shi, wato gidan Baƙo, wani babban gidan Maguzawa da ke gabas da Dayi, mai mutane kamar ƙaramin ƙauye. A wurinsu ba a ambaton cutar da ba ta zo ba, balle a yi mata tanadi. Wanda ya yi haka kiranta ya yi. Baƙo, maigidan, ya tare shi a gindin tsamiya ya ce, "Malam, kai da bakinka kake kira mana baƙuwa, har kana gyara mata shimfiɗa? Ɗauki kekenka. In ta shigo gidan nan, kai ka kawo ta."

Wannan magana ta tsaya wa Sada a rai. Ya gaya mini sau ɗaya, bai sake ba. Bai kuma koma ya yi gardama da su ba. Abin da ya yi shi ne ya bi unguwannin Musulmi da rugar Fulanin da ke kewaye da gidan, ya roƙe su, ko ba a kife ƙwarya ba, ranar da suka ga hayaƙi bai tashi a gidan Baƙo ba su kai tulu.

Murar ta iso ana shirin girbin gero. A asibitinmu mun ga aiki, ba sai na faɗa ba. A gidan Baƙo kuwa, da yake kowa na shiga ɗakin kowa, cikin 'yan kwanaki ta kwantar da su kaf. Safiyar da hayaƙi bai tashi ba, aka fara jera tuluna a gindin tsamiyar nan. Matan Fulani suka kai nono, unguwanni suka kai kunu, kowa ya ɗaga murya ya faɗi sunansa ya tafi. Wanda ya ɗan iya miƙewa ya ja ciki. Sun yi rashi, ba a ce ba su yi ba, amma gidan ya tashi, geronsu kuma ya shiga rumbu.

Baƙo bai aiko da godiya ba. Labarin da ya iso Dayi ma cewa ya yi har yanzu yana kan bakansa, Malam ne ya kira ta.

Malam Sada, kai da ka hana mutane shiga ɗakin marasa lafiya, kai kam ka shiga, don aikinka ne. Da ta kama ka, da hannunka ka kife ƙwarya a ƙofar gidanka, ka ce wa maiɗakinka Adama ko ni ne na zo ba da allura ba, kada ta buɗe. Na zo da allurar, ka karɓa, ka kore ni. Raina ya ɓaci a ranar, yanzu kuwa kewar faɗan nan nake yi.

Ranar Talatar, da hantsi, muna zaune a waje muna jiran liman, ba a riga an yi shelar rasuwar ba. Sai ga dattijo tafe da tulu a ka, yana haki, ruwa na zuba masa a kafaɗa. Baƙo ne. Maigida kamarsa, wanda rabonsa da ɗaukar tulu tun yana yaro, ga shi bai gama murmurewa ba. Bai dube mu ba. Ya sauke tulun kusa da ƙwaryar, ya ja da baya kamar yadda aka tsara, ya ɗaga murya.

"Malam! Baƙo ne. Na kawo ruwa. Ya jiki?"

Adama ce ta amsa daga zaure, ta ce ya yi sauƙi, Allah ya ɗauke masa ciwon gaba ɗaya. Baƙo ya gane. Ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa, bai tashi ba sai da aka fito da gawar Malam.

Allah ya jiƙan Malam Sada, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya shayar da shi kamar yadda ya sa aka shayar da bayinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Adama da 'ya'yansa, Mati da Tasalla, da Inna Tsohuwa wadda ta ga annoba biyu, da mutanen Dayi baki ɗaya. Allah ya ba su haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Da liman ya iso ya nemi ruwan wanka, tuluna sun cika ƙofar gidan. Adama ta ce a ɗauko na Baƙo. Da shi aka yi masa wanka.