Guntun Yatsa

Ni ban yi lakkwal mai nisa ba, aji uku na tsaya. Amma na san abin da ke sa ƙarya ta daɗe a duniya, don na yi guda, har yau tana yawo.

Bayan gonata, gabas da Urafane, akwai tsohuwar rijiya da bakinta ke zabtarewa. Ɗiyata ta fari, in ta kawo mini fura gona, ba ta iya wucewa sai ta leƙa. Na yi faɗa, na yi duka, ba ta bari ba. Ran nan da tsakar rana muna hutun noma ƙarƙashin aduwa, ni da maza huɗu, na ce wa ɗiyar tawa akwai mace cikin rijiyar, tana kiran mutum da muryar uwarshi, in ka duƙa ta kama wuyan rigarka. Yarinya ta yi dariya. Sai na ƙara abu guda: na ce hannun da ke fitowa, ƙaramin yatsanshi guntu ne, rabi babu. Dariya ta tsaya. Ba ta sake bin wurin ba.

Yatsan ba ni na ƙaga shi ba. Na wata mata ne mai suyar ƙosai ranar kasuwa, lauje ya yanke shi tun tana budurwa. Shi ya faɗo mini a rai, na ɗauka na liƙa.

Kakata in za ta yi tatsuniya sai ta buɗe da gatanan, ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san wasa ne, a watse. Ni ban buɗe ba, ban rufe ba. Kuma mazan nan huɗu kowa na da iyali a gida.

Bayan shekaru na ji labarin cikin motar Tasawa, a bakin wani ɗan kasuwa da ban sani ba. Rijiyar ta koma wani gari, muryar ta zama ta miji, an ƙara awaki da suka ɓace. Komai an sake, yatsan nan kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Da muka sauka na tambaye shi garinsu, ya gaya mini.

Bara da damina masassara ta kwantar da yara biyu a unguwarmu, sai wani ya tuna hannun mai ƙosai. Kasuwa biyu ba wanda ya tsaya gaban kaskonta. Ta uku aka watsa mata ƙasa cikin mai. Na ji samari suna maganar ɗakinta da ashana. Ina tsoron abin da za su yi mata, ina tsoron su juyo kaina, don wanda ya tare wa mayya cewa ake tare suke ci.

Ranar da aka kira ta ƙofar maigari na miƙe na ce ni na ƙaga labarin saboda ɗiyata. Na kira shaidu. Biyu sun rasu, biyu suka ce ba su tuna ba. Wani dattijo ya ɗaga sanda ya ce, "Zauna, ɗana. Wannan labari tun ina ƙarami nake jin shi wurin kakata."

Na dubi idonshi. Ba ƙarya yake ba, ya yarda da abin da yake faɗi. Wannan ya fi ashanar ba ni tsoro.

Maigari ya hana a taɓa ta, ya ce wanda ya kuskura jandarma zai kira mishi. Amma ba mai tilasta mutum ya ci ƙosai. Ta ɗaure kayanta za ta koma wurin ƙanenta a Attantane. Na iske ta bakin hanya tana jiran amalanke, na durƙusa na ce Inna ki gafarce ni. Ta daɗe tana kallona, hannun nan a ɓoye cikin zane.

"Malam, da ka bar wa macen rijiyar yatsunta biyar, da ƙaryar ta mutu tun a gonarka."

Na ɗora mata kaskon bisa amalanke. Na buɗe baki sau biyu, na kasa gaya mata cewa ɗan kasuwar nan na cikin mota mutumin Attantane ne.