Zauren da Yake Cin Ƙasa

Ni a aji huɗu na rabu da boko, kuma ba faɗa muka yi ba, gajiya muka yi da juna. Saboda haka duk mai neman shekara kaza da wata kaza a wannan rubutu ya ƙara gaba, masu digiri suna Kano. Ni zaure na sani, don a cikinsa na tsufa, kuma na ga mutumin da ya gina shi da idona.

Baba magini muke ce masa. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ga baki kamar sanƙira. Daga cikin garin Gaya har Kademi, ka ƙetara Ajingi ka faɗa Gafasa, in ka ga zaure mai bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan nan da ke tashi daga bango su haɗu a tsakiyar rufi, to hannunsa ne. Ya gina wa masu unguwanni, ya gina ƙananan masallatai, ya gina wa mahaifina a ƙauyenmu da ke kusa da Gaya. In ka shigo daga rana ka zauna a ciki, sai ka rantse cikin randa aka saka ka.

Yana da wata ɗabi'a. Duk wanda ya gama wa aiki, sai ya ja shi gefe ya ce, "Kada ka faɗa wa kowa, amma ban taɓa gina kamar naka ba." Ya faɗa wa mahaifina, ya faɗa wa kawuna na Ajingi. Ni da ɗan kawun nan, taubashina, mun gaji zaurukan kuma mun gaji musun. Har gemunmu ya yi fari ba mu daina ba.

Amma fa ba ya cewa ya gama gini. In bazara ta kama, sai ga shi a kan jaki, yana bin gine-ginensa gari gari kamar mai ziyarar 'ya'yan da ya aurar. Ya ƙwanƙwasa bango, ya kasa kunne, ya zura sanda cikin indararo ya fito da sheƙar tsuntsu, sannan ya zagi maigida. "Ginin ƙasa, ƙasa yake ci," haka yake cewa. "In ka hana shi ci, ya kwanta maka." Daga nan sai a kira gayya. A ɗebo jar ƙasa daga kududdufi, a cuɗa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana tsami. Ranar yaɓe mata su dama kunu, maza su yi ta jifa da curin ƙasa sama, na kan rufi suna cafewa. A ƙarshe a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, don ruwan sama ya zame. Har yau in na ji warin ƙasar da ta tsima sai yunwar kunun tsamiya ta kama ni.

Allah ya yi masa rasuwa, siminti ya shigo gari. Shekarar da gyaɗa ta yi wa taubashina kyau, sai ya shafe zaurensa da siminti ciki da waje, ya bi da koren fenti. A nufinsa girmama ginin ya yi, kuma ya huta da yaɓen shekara shekara. Na je na gani, na ce masa ya yi kama da shagon aski, na dawo gida hassada ta hana ni cin tuwo. Mutane da yawa suka bi sahunsa. Abin da ba mu sani ba, siminti ba ya shiri da ƙasa. Yana tsagewa kaɗan, ruwa ya bi ta tsagar ya shige baya, ba hanyar fita, ba rana ta busar da shi. Fuska tana nan tana sheƙi, ciki kuwa ya zama kunu. Wata rana da la'asar, bayan an ɗauke ruwa, zauren Ajingi ya durƙusa. Allah ya tsare, ba kowa a ciki. Haka suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Nawa ya tsira ne, in ji uwargidana, saboda ban taɓa yin abu a kan lokacinsa ba.

Bana sai ga tsaga a gindin bakan gabas, ta isa ka zura yatsa. Yaɓe kuwa an kwana biyu ba a yi ba, gwiwoyina sun daina hawa tsani, samarin da za a kira gayya suna kan babura. Hadari ya fara leƙowa. Ina cikin wannan tunani sai babban ɗana, direban bas ɗin Kano, ya sauke buhunan siminti a ƙofar gida yana murmushi.

"Baba, hutu na kawo muku. Mako mai zuwa mai shafe zai zo."

Na ce, "Likkafani ka kawo wa zauren kakanka."

"Haba Baba! To a bar shi ya faɗo muku a ka? Ko siminti, ko a rushe a sa bulo. Ni hankalina ba ya kwanciya in ina kan hanya."

Gaskiya yaron nan ba da mugunta ya zo ba, shi ya sa na rasa ta inda zan kama shi. Na ga bakina shi kaɗai ba zai ci wannan shari'a ba, sai da shaida. Washegari na hau mota sai Ajingi.

Na tarar da taubashina a ƙarƙashin rumfar kwano, inda zaurensa yake a da, yana fifita da hularsa, gumi har wuya.

Na ce, "Sannu da gashi, Alhaji. In ka nuna a juya ka."

"Wa ya kwance wannan tsohon? Bawana, gaisuwa ka zo ko bara?"

"Aron ka na zo. Ina so in nuna wa ɗana abin da siminti yake mayar da mutum."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Tsagar a ina take?" Na gaya masa. Ya sa takalminsa, ko sallama bai yi wa mutanen gida ba.

Da muka iso gida, ɗana ya saurari labarin zaurensa da ladabi, ya ce ya ji, amma wa zai yi yaɓen? Sai taubashina ya naɗe wando, ya ce in sa a kawo ƙasa. Da ta tsima, mu biyu muka shiga cikinta a bakin hanya, da hantsi, lokacin da kowa ke wucewa. Muna tattakawa muna riƙe da kafaɗar juna don kada mu faɗi, yana zagin ƙafafuna, ina zagin nasa.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, in ka karye kada ka kira sunana."

Maƙwabcina mai shanu ya tsaya, ya ce wannan abin kunya ne ga unguwa, ya aika a kira 'ya'yansa. Liman ya zo ba da shawara, ya ƙare da ɗaukar ruwa. Ɗana ya daɗe yana tsaye da makullin mota a hannu, sannan ya ce, "Don Allah ku fito, kun sa ana kallona." Ya tuɓe riga ya hau tsani.

Ba zan yi ƙarya ba, aikin bai yi kyau ba. Hannun direba ne, bangon ya fito tudu da kwari kamar hanyar ƙauyenmu. Ɓawon ɗorawar da muka samu bai isa ko'ina ba. Amma an cike tsagar, an taka rufi, an buɗe indararo. Simintin aka gyara bakin rijiya da shi.

Ranar da ruwan farko ya sauka, da yamma, taubashina ya ƙi komawa gida. Muka shimfiɗa tabarma a tsakiyar zaure, kawunanmu a sama kamar kaji na shan ruwa. Indararo ya yi ta zuba. Can sai ɗigo ya fara sauka a kusurwar arewa, a hankali. Na tura tasa da ƙafa. Muka ci gaba da jira, wani bai biyo shi ba. Ɗana ya shigo a jiƙe, ya dubi tasar, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon wurin.

"Nan ne ban taka sosai ba," ya ce. "In an yi rana zan hau."