Notin Injin Fatsar Yayana

Yayana ya dawo hannuna ne bayan ya yi sati biyar a asibiti. Hawan jini ya buge shi a bakin famfo yana wanke fuska, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa biyu suna Legas, ni ce ke Kafanchan ina koyarwa a firamare. Na share masa ɗakin da nake ajiye citta, na sa gado.

Ciwon ya tafi da bakinsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana aikin jirgin ƙasa, mai Turanci da Hausa kamar ruwa, ya koma ba ya iya fitar da komai sai 'yan kalmomi na yarenmu. Ni kuwa a kwatas ɗin ma'aikata cikin gari na girma, yaren ina ji sama-sama.

Cikin kayan da aka kwaso daga gidansa akwai sandar fatsa da injinta, wato ɗan ƙarfen nan mai naɗe zare, wanda ake juyawa da hannu. Ya saye shi ne wurin masu kayan gwanjo tun yana aiki. Duk Asabar yana ɗaure shi a bayan babur ya tafi kogi wajen Madakiya, kuma ba ya barin kowa ya taɓa. Da ya fara iya zama, sai ya nuna shi da baki. Na ɗora masa a cinya.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar hannun injin yana lilo. Akwai wani noti mai faɗin kai a ɗaya gefen, shi ke riƙe hannun, ya kwance saura kaɗan ya faɗi. Na murɗa shi da yatsa har ya kama. Yaya ya dube ni, ya faɗi wata kalma da na gane, ma'anarta hannu.

Na ce, "E, Yaya, hannun ne. Ai na gyara."

Ya kawar da kai.

Kwana biyu bayan haka notin ya sake kwancewa. Na ɗaure. Ya sake. Na ari filaya wurin maƙwabci na matse shi da ƙarfi, Yaya yana ta girgiza kai yana maimaita kalmar nan, miyau yana zuba a rigarsa. Na ɗauka takaici yake ji don kayansa ya lalace. Ranar na yi masa tsawa. Na ce na gaji, ga makaranta ga girki ga wankinsa, ba zan ƙara da wani tsohon ƙarfe ba. Bai ci tuwo ba a ranar.

Ran Asabar na sa injin a jaka na tafi kasuwa, wurin wani dattijo mai gyaran agogo da ke zama kusa da masallaci. Tun kakanninsa suke kasuwar nan. Na gaishe shi, na ce, "Baba, gam nake so ka sa wa notin nan, ya zauna gaba ɗaya."

Ya sa gilashinsa a ido, ya kwance notin, ya daɗe yana dubawa.

"Malama, notin nan lafiyarsa lau, bai ci ba. Wannan ba ya kwancewa da kansa." Ya nuna mini gefen kan notin, duk ya kakkarce. "Wannan na filaya ne. Waɗannan ƙananan kuwa haƙori ne. Injin na wa ne?"

Na gaya masa.

"Wane hannu ne ya mutu?"

"Na dama."

Ya zare hannun injin daga dama, ya zura shi ta ramin hagu, ya mayar da notin ɗaya gefen. Ya ɗiga mai, ya juya, zare ya naɗu sumul. Ashe haka aka ƙera shi, yana shiga ta kowane ɓangare. Yaya yana kwance notin da haƙori da hannu ɗaya, don ya mayar da hannun injin hagu, amma kafin ya iya zare shi sai in dawo in ɗaure. Wajen wata guda muna haka.

Na zauna a bencin dattijon. Na miƙa masa kuɗi ya tura mini hannuna. Ya ce, "Ki gaishe shi. Allah ya ba shi lafiya."

Da na koma gida na durƙusa gaban kujerarsa, na ce, "Yaya, ka gafarta mini. Ban gane ba." Na ɗora masa. Ya matse injin tsakanin gwiwoyinsa, ya kama da hagu, ya juya sau uku. Sai ya ɗora tafin hannun a kaina, ya bar shi nan.

Bayan Kirsimeti, da ruwa ya ja baya, na ɗauki shatar keke napep muka tafi kogin. Ni na haƙa tana a bayan gida, ni na soka a ƙugiya, yana nuna mini da ido. Jifana na farko ya maƙale a ciyawa, ya yi wani sauti wanda na tabbata dariya ce. Na riƙe sandar, shi yana juya injin. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya karfasa ta kama, ba ta kai tafin hannu ba, kuma ta kuɓuce dab da gaɓa. Rana ta yi masa zafi, muka dawo.

Sau huɗu muka je a ranin nan. Da damina ta faɗi ciwon ya sake buge shi, wata Lahadi ina coci wurin sujada. Ya kwana uku bai farka ba, a na huɗu ya huta. Mun binne shi a ƙauye, kusa da iyayenmu, ana ruwa.