Malam Buba, Wanda Ya Riƙe Mini Hannu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Buba ya rasu. Da safen nan na ji, kuma ni ne ma na kira wayarsa.

Jiya na sabunta manhajar kwamfutata. Yau na buɗe zan ci gaba da aiki, sai na tarar kayan aikin databes ɗina, wato na adana bayanai, duk babu su. Na san inda zan duba, amma na ce bari in kira shi ya fara yi mini dariya tukuna. 'Yarsa Hajara ce ta ɗauka.

Ta ce, "Kawu, Baba fa ya cika bayan asuba. Yanzu muke shirin kiranku."

Tun sannan na kasa zama wuri ɗaya. In tashi, in zauna, in leƙa waje, in dawo.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muka buɗe ɗan shagon kwamfuta a Potiskum a shekarun casa'in, lokacin da mutane ke tsayawa bakin ƙofa don kawai su kalli allon. Ɗan makiyaya ne da suka zauna a gari. Ni kuwa iyayena fatake ne daga Kano, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Bakano kawai.

Fanka ɗaya gare mu. In zafi ya tsananta kwamfuta yake juya wa ita, mu mu yi ta zufa. Kullum shi ke kai ni gida unguwar Yerimaram a babur, alhali shi a unguwar Bolewa yake.

Akwai wata rana da ba na mantawa. Wani likitan dabbobi ya ba mu aikin haɗa masa databes na rigakafin shanu, wato inda za a adana wane garke aka yi wa allura, wane ne ba a yi wa ba. Aikin kirki na farko da muka taɓa samu, kuma in ya kuɓuce rufe shagon za mu yi. Ranar da zai zo gani, muka ɗora sabuwar manhaja da aka kawo mana a faifai. Muka kunna. Duk umarnin da na buga, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.

Na ce a goge komai a sake zubawa, ko ma ceci wani abu kafin la'asar. Har na buga umarnin gogewa, saura in danna.

Malam Buba ya riƙe mini wuyan hannu.

Ya ce, "Bakano, ka nema ne ka rasa? Shanu na nan. Burtali aka toshe musu."

Ya shiga bin ma'ajiyoyin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, a natse, ni kuwa ina ta zarya ina leƙen hanya. Ashe komai na nan inda muka bar shi. Sabuwar manhajar ce ta share layin da ke nuna wa kwamfuta hanyar zuwa wurin kayan. Ya mayar da layin, ya kashe ya kunna. Da na danna abin nan, da aikin wata da watanni ya tafi, da shagon gaba ɗaya.

Ko sau ɗaya bai taɓa ba da labarin nan gaban mutane ba. Ni dai yake tsokana da shi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bara ce a zaurensa. Idonsa ya yi rauni, amma da jin sallamata ya ce, "Bakano, me kuma ka zo gogewa?" Ya sa aka kawo mini kindirmo. Na ce zan dawo bayan Sallah. Ban samu komawa ba, abin nan na cin raina.

Ina tasha yanzu, motar Potiskum ta ƙi cika, jana'iza kuwa ba za ta jira ni ba. Kwamfutar na baro ta a buɗe yadda take. Ɗazu na ga lambarsa a saman jerin kira, na daɗe ina kallonta. Ba zan goge ta ba.

Allah Ya jiƙan Malam Buba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajara da 'yan'uwanta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ko bai san shi ba.